Zubi ɗaya, kulawa daban-daban: yadda haɗe ƙananan hukumomi ya jarraba inshorar tsofaffi a Japan

A Japan duk bayan wata biyu ake biyan fansho, ranar 15 ga Fabrairu, 15 ga Afrilu, haka har Disamba. Kafin kuɗin su faɗa asusun tsoho, hukuma ta riga ta zare nata. Duk wanda ya kai shekara 65, kuma fanshonsa ya kai yen 180,000 a shekara, daga tushe ake cire masa kuɗin inshorar kula da tsofaffi, sai dai ya ga lissafin a takarda. Abin da za a cire ya danganta da samunsa, ya kuma danganta da garin da yake kwana.

Tun watan Afrilun 2024, ma'aunin zubin wata a birnin Osaka yen 9,249 ne, babu inda ya kai shi a ƙasar. A ƙauyen Ogasawara, wasu tsibirai da ke kusan kilomita 1,000 kudu da Tokyo, waɗanda sai an yi kwana guda cur a jirgin ruwa kafin a isa, yen 3,374 ne. Matsakaicin ƙasa baki ɗaya kuwa 6,225. Doka ɗaya ce ta kafa inshorar, gwamnatin tsakiya ce ke yanke farashin kowace hidima, amma tsohuwar Osaka tana biyan kusan ninki uku na abin da sa'arta ta Ogasawara ke biya. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan Japan tana neman maganin wannan, kuma babban abin da ta gwada shi ne tara ƙananan hukumomi a inuwa ɗaya, ko dai a haɗe su su zama gari ɗaya, ko su haɗa asusu kowa yana riƙe da sunansa.

Yadda aka gina asusun

Majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar a watan Disamban 1997, ta fara aiki a Afrilun 2000. Kowa daga shekara 40 yana zubi. Wanda tsufa ya fara kayarwa sai ya kai buƙatarsa ofishin ƙaramar hukuma, a turo masa ma'aikaci har gida da takardar tambayoyi 74: yana iya juyawa a kan gado da kansa, yana iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, yana yanke farcensa, yana tuna abin da ya yi ɗazu. Kwamfuta ta fitar da hukuncin farko, kwamitin likitoci da ma'aikatan jinya ya duba tare da rahoton likitansa, a sa shi a ɗaya daga cikin matakai bakwai. Matakin ne ke faɗin iyakar hidimar da zai samu a wata, mai zuwa gida ta yi masa wanka da girki, ko motar da ke kai shi cibiyar yini, ko gado a gidan kula da tsofaffi. Yawancin mutane kashi 10 cikin 100 na kuɗin hidimar suke biya daga aljihunsu, masu ƙarin hali 20 ko 30.

Sauran kuɗin rabi daga haraji ne, rabi daga zubi. A hidimomin gida gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 25, lardi 12.5, ƙaramar hukuma 12.5. 'Yan shekara 40 zuwa 64 suna ɗaukar kashi 27, kuma nasu a tukunyar ƙasa ake tarawa sannan a raba. Kashi 23 da ya rage shi ne tushen rigimar, domin tsofaffin kowace ƙaramar hukuma ne ke haɗa shi a tsakaninsu. Duk shekara uku hukumar za ta ƙiyasta abin da za ta kashe, ta raba kashi 23 ɗin a kan tsofaffinta, abin da ya fito shi ne zubinsu. Ma'aikatar lafiya ba ta yarda a ɗebo daga baitulmalin gari a rage wa mutane zubi ba. Idan asusu ya gaza, rance ake karɓa daga wani asusun lardi, a biya da ƙarin zubi a zango na gaba.

Da gangan aka yi haka. Masu tsara dokar sun so mazauna gari su ga alaƙar abin da suke nema da abin da suke biya: kuna son ƙarin gidajen kula da tsofaffi, to ku shirya biya. Jamus, wadda ta fara irin wannan inshora a 1995, kaso ɗaya take yankewa a albashi a duk faɗin ƙasa. Koriya ta Kudu da ta bi sahu a 2008 hukuma ɗaya ta ɗora wa aikin. Japan ta ɗora shi a kan garuruwa da ƙauyuka fiye da 3,000.

Ƙaramin ƙauye kuwa ba ya jure girgiza. A ɗauki misalin ƙauye mai tsofaffi 400, a ce gado ɗaya a gidan kulawa yana cin yen 300,000 a wata. Kashi 23 na wannan ya kai yen 69,000, idan aka raba wa mutum 400 kowa zai ɗauki kusan 170. Mutum biyar suka kwanta a shekara guda, zubin kowa ya hau da fiye da yen 800 a wata. An ga irin haka a zahiri. A 2015 ƙauyen Tenkawa da ke cikin duwatsun lardin Nara shi ne ya fi ko'ina tsada, yen 8,686. A 2021 kambun ya koma Aogashima, tsibirin da mutanensa ba su kai 200 ba, inda zubi ya kai yen 9,800. Aogashima da Ogasawara duk a ƙarƙashin Tokyo suke, duk tsibirai ne masu nisa, amma a 'yan shekarun nan an ga ɗaya a ƙololuwar jadawalin ƙasa, ɗaya a can ƙarshensa.

Babbar haɗewa

Inshorar ta zo daidai lokacin da gwamnati ta ɗaura aniyar rage yawan ƙananan hukumomi. A ƙarshen Maris na 1999 akwai 3,232. Zuwa ƙarshen Maris na 2010 sun koma 1,727. Ƙauyuka masu hukumar kansu sun faɗo daga 568 zuwa 184, ƙananan garuruwa daga 1,994 zuwa 757. An kwaɗaitar da masu haɗewa da rance na musamman wanda gwamnatin tsakiya ke ɗauke kashi 70 na biyansa, sannan a zamanin Firaminista Junichiro Koizumi aka tsuke kason da ake tura wa ƙananan hukumomi. Ƙauyuka da dama sun ga ba su da mafita. Kaɗan ne suka turje, irin garin Yamatsuri na lardin Fukushima, wanda majalisarsa ta shelanta a 2001 cewa ba za ta haɗe da kowa ba.

Abin da aka haifa wani lokacin sunansa kawai birni. A 2005 Takayama ta lardin Gifu ta haɗiye garuruwa da ƙauyuka tara, faɗinta ya zarce murabba'in kilomita 2,100, kusan daidai da lardin Tokyo gaba ɗaya, kuma mafi yawansa daji ne da tsaunuka. A shekarar dai Hamamatsu ta tattara hukumomi 12, tun daga bakin teku mai masana'antu har ƙauyukan masu saran itace na Tenryu.

A takarda, haɗewa ta warware matsalar ƙaramin ƙauye. Mutum biyar da suka kwanta ba za su girgiza asusun da ke da tsofaffi dubu talatin ba. Doka ta ba da damar a ɗan jinkirta daidaita zubi na wani lokaci, amma ƙarshenta gari ɗaya zubi ɗaya. Tambayar da ta biyo baya ita ce wadda masana yanayin ƙasa na Japan suka daɗe suna bibiya, musamman Shin'ichiro Sugiura na Jami'ar Meijo da ke Nagoya: shin zubi ɗaya adalci ne idan hidima ba ɗaya ba ce? Tunanin ya samo asali daga masanin Birtaniya Bleddyn Davies, wanda tun 1968 ya kawo ra'ayin cewa a auna adalcin hidimomin gwamnati da yadda kowane yanki ke samun gwargwadon buƙatarsa.

Dalilin da ya sa zubin ƙauyukan tsauni da yawa ya yi sauƙi kafin haɗewa ba lafiya ce ta yi wa tsofaffinsu yawa ba. Babu inda za su kashe kuɗin ne. Inshorar ba ta gina komai da kanta, kamfanoni da ƙungiyoyin jin ƙai ne ke buɗe cibiyoyi, su kuma inda mutane suka taru suke zuwa. Ma'aikaciyar da ke zuwa gidaje a cikin birni tana iya zaga gida shida ko bakwai a kan keke kafin la'asar. Takwararta ta ƙauye za ta tuƙa ƙaramar mota minti arba'in a hanyar da ke nannaɗe da tsauni, a lokacin sanyi cikin dusar ƙanƙara, don ta yi wa tsoho ɗaya wanka, ta canza masa zanin gado, ta dafa abin da zai ci har gobe, sannan ta juyo. Kuɗin ziyarar ake biya, tafiyar ba ta da nata farashin. Akwai ƙarin kashi 15 ga masu aiki a tsibirai da lungunan tsauni, sai dai ba ya rufe ramin, kuma yana ƙara abin da tsohon ke biya daga aljihunsa, wato mutumin da ya fi kowa nisa shi ne kuma ya fi biya a kan wanka iri ɗaya.

To da aka haɗe, zubin ƙauyen ya tashi ya tarar da na birni, hidima kuwa tana nan inda take. Tun kafin dokar ta fara aiki Japanawa ke da wata magana ta gargaɗi, wai kada a wayi gari ga inshora babu kulawa. A gefen manyan biranen da aka ƙirƙira ne maganar ta fi kama jiki. Abin ya yi kama da adashin da kowa ke zubi daidai, amma kwasa kullum a unguwa ɗaya take tsayawa.

Ba kullum ƙauye ne ke cutuwa ba, wannan ma gaskiya ne. Inda ƙauye ya tsufa ƙwarai kuma yawancin tsofaffinsa suna kwance a gidajen kulawa, haɗewa sauƙi ta kawo masa, mutanen birni suka ɗauki nauyin. Har ma masanin tattalin arziki Katsuyoshi Nakazawa ya gano alamun cewa wasu ƙananan hukumomi, da suka san haɗewa na tafe, sun yanke zubi ƙasa da yadda ya kamata, suna sane cewa giɓin zai faɗa kan sabon birnin. Amma a ganina babbar ɓarnar haɗewa a wani wuri take. Kafin 2005 kowa na iya buɗe alƙaluman gwamnati ya ga nawa ake kashewa a kan tsoho ɗaya a kowane ƙauye. Bayan haɗewa ƙauyen ya zama unguwa, alƙalumansa suka narke cikin matsakaicin birni. Ofishin hukumarsa ya koma reshe mai ma'aikata kaɗan, kansilolinsa da suke cika zaure suka koma ɗaya ko biyu a majalisar da ke da nisan sa'a guda. Bambancin yana nan, mai nuna shi da mai kuka a kansa ne suka ragu.

Fukuoka: asusu ɗaya, farashi uku

Hanya ta biyu ita ce haɗin gwiwa ba tare da rushe kowa ba. Wasu sun tsaya a kan kafa kwamitin tantancewa na tarayya, tunda ƙaramin ƙauye ba shi da likitocin da za su cika kujeru. Wasu suka haɗa asusun ɗungurungum. Mafi girma a cikinsu ita ce haɗakar lardin Fukuoka, wadda aka kafa a 1999 da garuruwa da ƙauyuka fiye da 70, a kan alƙawarin cewa ko'ina mutum yake a cikinta zubi ɗaya zai yi.

Alƙawarin bai wuce shekara biyar ba. A cikin haɗakar akwai yankin Tagawa, tsohuwar cibiyar haƙar kwal ta Chikuho, inda ma'adinai suka rufe tun shekarun 1960 da 1970 suka bar talauci da tsofaffi masu zaman kaɗaici, ga kuma cibiyoyin kulawa birjik. Akwai kuma garuruwan manoma inda 'ya'ya da surukai ke zaune da iyaye, ba a cika neman hidimar waje ba. Abin da ake kashewa a kan tsoho ɗaya a wasu garuruwan ya ninka na wasu fiye da sau biyu. Masu ƙaramin kashewa suka fara ƙorafi, suna cewa su ne ke ciyar da maƙwabta. Ana cikin haka guguwar haɗewa ta iso, garuruwa suka riƙa ficewa suna shiga sababbin birane masu asusun kansu. A 2005 haɗakar ta raba membobinta gida uku gwargwadon abin da kowanne ke kashewa, kowane rukuni da zubinsa. Yau membobi 33 suka rage, kuma har yanzu farashi uku ake biya.

Ana iya kallon wannan a matsayin ja da baya, tunda an kafa haɗakar ne don a daidaita. Ana kuma iya cewa shi ya hana ta wargajewa. Abin da ke damuna da tsarin shi ne bai tambayi dalilin kashewar ba. Garin da ke kashe kuɗi saboda cibiyoyi sun yi masa yawa suna farautar kwastoma, da garin da ke kashewa saboda tsofaffinsa ba su da kowa a gida, duk a rukunin tsada ɗaya za a zuba su. Na farko ya cancanci a ja masa kunne. Na biyu kuwa don irinsa aka ƙirƙiro inshora tun farko.

Okinawa ta bi hanyar a juye. Haɗakarta, mai membobi 29 da suka haɗa da garuruwan babban tsibiri da ƙananan tsibirai irin su Kitadaito da Minamidaito masu nisan fiye da kilomita 300 a cikin teku, ta daɗe tana karɓar zubi mataki uku, sai a 2024 ta mayar da shi ɗaya. Mazaunin ƙaramin tsibiri da babu yawancin hidimomin da ke cikin littafin inshora yanzu daidai yake biya da na kusa da Naha, kuma idan jikinsa ya yi nauyi sau da yawa sai dai ya bar tsibirin.

Da aka raba gari a Osaka

Labarin da ya fi fito da abin fili kwanan nan ya faru. Birane uku na arewa maso gabashin Osaka, Moriguchi da Kadoma da Shijonawate, sun riƙe asusu ɗaya tun farkon inshorar a ƙarƙashin haɗakar Kusunoki. Zubinsu na ƙarshe tare yen 6,748 ne. A ƙarshen Maris na 2024 suka rushe haɗakar, bisa hujjar cewa kowane birni ya fi sanin yadda zai tsara kula da tsofaffinsa. Da kowa ya yi lissafinsa shi kaɗai, Moriguchi ta fito da 8,970, Kadoma 8,749, suka zama na biyu da na uku a tsada a duk Japan. Shijonawate ta tsaya a 7,159.

Moriguchi da Kadoma garuruwan ma'aikata ne, a nan Panasonic da Sanyo suka yi hedikwata, kuma matasan da suka kwararo neman aiki a shekarun 1960 su ne tsofaffin yau, da yawansu a ƙananan gidajen haya, su kaɗai. Shijonawate ƙarama ce, a gindin tsaunin Ikoma. Tazarar yen 1,800 da ta bayyana rana ɗaya ba ranar aka haife ta ba, zubin bai ɗaya ne ya lulluɓe ta shekara da shekaru. Ko a kira wannan taimakon juna ko a kira shi cutar ƙaramin abokin tarayya, ya danganta da gefen da mutum yake zaune.

Ba kowa ke watsewa ba. A gabashin lardin Aichi hukumomi takwas sun haɗa asusunsu a 2018, daga birnin Toyohashi mai mutum fiye da 360,000 har ƙauyen Toyone mai kimanin dubu ɗaya. Ga ƙauye irin Toyone, wanda matasansa suka gangara birane, zama shi kaɗai ba zaɓi ba ne mai ɗorewa.

Abin da lissafin bai gani ba

Gwamnatin tsakiya tana da nata ma'aunin daidaitawa. Daga cikin kashi 25 ɗinta, kashi 5 ba a raba shi daidai: garin da tsofaffinsa suka fi tsufa ko suka fi talauci yana samun fiye da haka, mai sauƙi ya samu ƙasa. Shekaru da samu kawai yake dubawa. Ba ya duba zaman kaɗaici, wanda shi ne ciwon Osaka, inda kusan rabin gidajen da ke da tsoho shi kaɗai ne a ciki, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin birnin an tantance suna buƙatar kulawa, alhali a ƙasa baki ɗaya kusan ɗaya cikin biyar ne. Ba ya kuma duba nisan hanya.

An yi ƙoƙarin gyara ta wani gefen. Tun 2006 doka ta wajabta wa kowace hukuma ta yanka ƙasarta zuwa yankunan rayuwar yau da kullum, da burin tsoho ya samu abin da yake buƙata cikin kimanin minti 30 daga gidansa, kuma birane da yawa da aka haɗe sun bi tsofaffin iyakokin ƙauyuka wajen yankawa. Sai dai shata yanki a taswira ba ya kawo ma'aikaciya. A gyaran farashi na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ziyarar gida da kashi 2 zuwa 3, tana kafa hujja da cewa masu wannan sana'a na cin riba. Ribar kuwa mafi yawanta ta kamfanonin da ke hidima a manyan gidajen tsofaffi ce, inda ma'aikaciya ke fita wannan ɗaki ta shiga na gaba. A shekarar kamfanonin kula da tsofaffi 172 suka durƙushe, adadin da ba a taɓa gani ba, kusan rabinsu masu ziyarar gida. Garuruwa da ƙauyuka fiye da 100 ba su da ko ofishi ɗaya mai wannan aiki, kuma wannan ƙidayar ba ta haɗa da tsofaffin ƙauyukan da suka ɓace a cikin manyan birane ba. Birnin Murakami na lardin Niigata, wanda shi ma haɗakar hukumomi biyar ne tun 2008, ya ga ba zai jira ba, ya ɗauki nauyin cike wa masu ziyarar gida abin da aka rage musu, har da tallafin man mota.

Japan ta riga ta san hanyar faɗaɗa tukunya. Inshorar lafiyar 'yan shekara 75 zuwa sama tun 2008 a matakin lardi ake gudanar da ita, kuma a 2018 aka miƙa wa larduna kuɗin inshorar lafiyar masu sana'ar kansu da 'yan fansho. Akwai masu kiran a yi wa inshorar kulawa haka. Ina ganin suna da gaskiya a kan kuɗi, domin bai dace tsufan mutum biyar ya zama bala'i ga ƙauye ba. Amma abin da Fukuoka da Takayama suka nuna shi ne duk wanda zai karɓi zubi ɗaya daga mutanen wurare mabambanta, wajibi ne ya riƙa buga lissafin kowane tsohon ƙauye daban, a ga abin da ya zuba da abin da ya samu, sannan a biya kuɗin hanya daga tukunyar kowa maimakon aljihun wanda ke ƙarshen hanyar. Idan ba a yi haka ba, ba a daidaita komai ba sai takardar cire kuɗi.

Lokaci kuma ba ya jira. Mutanen da aka tantance suna buƙatar kulawa sun tashi daga miliyan 2.18 a 2000 zuwa fiye da miliyan 7, matsakaicin zubi daga yen 2,911 zuwa 6,225, kuma ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta cewa nan da 2040 za a buƙaci ƙarin ma'aikatan kulawa kusan 570,000 a kan waɗanda ake da su a 2022. Asusu 1,573 ne ke ƙasar a yanzu, kuma sabon zubin kowannensu zai fara aiki a watan Afrilun 2027.